Makewayin Jama'a a Kasuwa da Tasha

Tasawa tana bakin babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Maraɗi, ta nufi Damagaram. Mayahi kuwa tana arewa maso yamma da ita, a bakin Gulbin Kaba. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta samu mutum fiye da 500,000 a cikin kowace ɗaya daga gundumomin nan biyu. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya, suna zaune a ƙauyuka da rugage. Amma ran kasuwa sai su ɗunguma zuwa gari.

Tun da asuba ake kama hanya. Wasu a ƙasa, wasu bisa jakai, wasu cikin amalanke ko mota. Ana kawo gero da wake da aya da gujiya, da tabarmi da igiyoyin kaba, da awaki da tumaki. Mata suna kawo nono da man shanu. Wanda ya iso da hantsi ba ya komawa sai bayan la'asar, wani ma sai magariba. A tsakanin nan zai ci tsire ko ƙosai, ya sha fura, ya sha ruwa. To, wanda ya ci ya sha, tilas wata bukata ta taso masa. Wannan ba abin dariya ba ne. Haka Allah ya halicci ɗan Adam, da sarki da talaka.

Ɗan gari ba shi da damuwa. In abin ya matsa shi, sai ya bar wa maƙwabcinsa jiran rumfa, ya garzaya gida. Baƙo fa? Gidansa yana can nesa, tafiyar rabin yini. Ba shi da inda zai nufa sai bayan wata katanga, ko cikin kango, ko kan juji, ko bakin tabki.

A zamanin da abin bai zama matsala ba kamar yau. A shekarar 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa. Ya iske gari mai jama'a da ciniki. Amma a wancan zamani daji yana nan kusa. Mutum ya ɗan taka kaɗan, ya ɓace cikin sabara da kalgo. Yau garin ya buɗe. A 2012 mutanen da ke cikin garin Tasawa kaɗai sun haura 40,000. Inda daji yake da, ya zama gona. Inda gona take, ta zama unguwa. Saboda haka ne ake tambaya: ya kamata gari ya gina wa jama'a makewayi a kasuwa da tasha, ko kuwa kowa ya ji da kansa?

Ina ƙazantar take zuwa?

Bari a yi ɗan lissafi. A ƙaddara mutum 4,000 suka ci wata kasuwa, kuma ɗaya cikin goma ne kawai bayan gida ya kama. Mutum 400 ke nan. In kowane ya bar giram 200, an samu kilo 80 a rana ɗaya. Kasuwa tana ci sau 52 a shekara. Kilo 80 sau 52 ya ba da kilo 4,160, wato ya fi nauyin buhu 40 na gero. Wannan misali ne kawai, amma ya isa ya nuna girman abin. Duk wannan kaya ba ɓacewa yake yi ba. Yana nan a gefen wurin da ake sayar da abinci.

Mai fara kai masa ziyara shi ne ƙuda. Ƙuda yana da gashi a ƙafafunsa, kuma ba ya wanke su. Ya tashi daga bayan katanga, ya sauka bisa ƙwaryar nono, ko tiren tsire, ko bakin jaririn da ke barci a bayan uwarsa. Tasawa ta yi suna wajen kilishi, shi kuwa kilishi a rana ake shanya shi. Duk tsabtar mahauci, ba zai iya tambayar ƙuda daga ina ya fito ba. Ban da haka, macen ƙuda tana zuba ƙwai wajen 100 a lokaci ɗaya cikin ƙazanta, kuma a lokacin zafi, cikin kwana 10 sun zama manyan ƙudaje.

Akwai wani irin ƙaramin ƙuda mai son idon yara. Shi ne ke taimakon yaɗa amodari, ciwon idon nan da ke juya gashin ido ciki, yana gogar ƙwayar ido har mutum ya makance. Jahohin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna fama da shi. Masana sun gano cewa wannan ƙuda ya fi son yin ƙwai cikin kashin mutum da aka bari a fili. Ba ya shiga ramin salanga ya hayayyafa. Ashe rami yana tsare ido ma, ba ciki kaɗai ba.

Na biyu shi ne ruwa. Da rani ƙazanta tana bushewa, iska ta kwashe ta da ƙura. Da damina kuwa ruwan sama ke wanke ta, ya bi da ita kwararo-kwararo har cikin tabki. A cikin garin Tasawa akwai tabkuna da ke cika da damina. Can yara ke wanka, can ake shayar da dabbobi, can magina ke ɗibar ruwa. Fitsari ma ba a raina shi. Mai ciwon tsargiya in ya yi fitsari a bakin tabki, ƙwan tsutsar yana ƙyanƙyashewa cikin ruwa, ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa ta girma, sannan ta fito ta huda fatar yaron da ya shiga iyo. Bayan ƴan makonni sai a ga jini cikin fitsarinsa. Wasu suna cewa alamar girma ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a gidan likita.

Zawo, da zazzaɓin taifot, da tsutsar ciki, da shan-inna, duk ta wannan hanya suke bi: daga cikin wani su fita, su shiga bakin wani. Amma wadda ta fi su saurin kisa ita ce kwalara, wato zawo da amai. Tana iya tsotse ruwan jikin ƙato cikin yini ɗaya. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a gundumar Madarumfa, ta bazu cikin jahar Maraɗi da wasu jahohi, ta kama mutum fiye da 3,500. A 2021 ta dawo, ta kama fiye da 5,000 a ƙasar Nijar, fiye da 150 suka rasu. Kwalara tana son taron jama'a. Mutum ɗaya ya zo da ita kasuwa da safe, da maraice ta rarrabu cikin amalanke ashirin, kowace ta nufi ƙauyenta.

Ba tun fil'azal mutane suka san haka ba. A shekarar 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, a Ingila. A lokacin ana tsammanin wari ne ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambaya, ya gane cewa mafi yawan waɗanda suka mutu daga rijiya ɗaya suke sha. Ya sa aka cire hannun fanfon rijiyar. Daga baya aka tona, aka iske wani tsohon ramin bayan gida dab da ita yana yoyo ciki.

Wa ya fi shan wuya?

Namiji yana iya tsugunawa a gindin bango, ya juya baya, mutane su kau da kai. Mace ba ta iyawa. Mai tallar nono da ta taso daga ruga, ko mai sayar da tabarmi da ta zo daga wajen Kanambakashe, sai ta riƙe har dare. Mata da yawa sun koyi wata dabara mai ban tausayi: ran kasuwa ba su shan ruwa sosai, don kada fitsari ya kama su. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, wannan dabara tana cutar da jiki ƙwarai, balle ga mai ciki ko mai goyo. Riƙe fitsari da ƙarancin shan ruwa suna jawo ciwon mara.

Akwai kuma tsofaffi da ba su iya riƙewa, da guragu da makafi waɗanda ba su iya zuwa nesa, da matafiyin da motarsa ta tsaya minti 10 a tashar Tasawa kafin ta wuce Damagaram. Kuma ga salla. Azahar da la'asar a kasuwa suke riskar mutane, ba a kuwa yin alwala sai an yi tsarki. Malamai suna koyar da cewa addini ya hana biyan bukata a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashayar ruwa. Mutanen kasuwa sun san wannan sarai. Abin da suka rasa shi ne wurin.

Masu cewa a'a

Duk da haka ba kowa ya yarda ba, kuma masu ƙi suna da hujja. Wasu suna cewa kuɗin gari kaɗan ne, ga ƙauyuka ba rijiya, ga yara suna karatu cikin rumfar zana. A fara da waɗannan. Wasu suna cewa ai a gidaje ma makewayin bai wadata ba. Wannan gaskiya ne: a lissafin hukumar lafiya ta duniya da UNICEF na shekarar 2020, wajen mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bayan gida. Akwai masu jin kunya a gan su suna shiga, musamman in suruki yana zaune a rumfar da ke kallon ƙofar. Akwai kuma ɗan kasuwar da ya yarda a gina, amma ba kusa da rumfarsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta waɗanda suka taɓa ganin makewayin jama'a da aka yi watsi da shi. An gina shi da kyau, an yi bikin buɗewa, an tafa. Bayan wata shida ƙofa ta ɓalle, ba ruwa, ba mai shara, rami ya cika. Mutane suka koma yi a bayansa. Irin wannan ya fi babu muni, domin ya tara ƙazantar wuri ɗaya, a tsakiyar jama'a.

Amma in an duba da kyau, wannan hujja ba ta ce kada a gina ba. Cewa ta yi gini kaɗai bai isa ba. Batun kuɗi kuwa, gari ne ya kira mutane kasuwa, kuma ba kyauta suke zama ba. Mai rumfa yana biya, mai tabarma a ƙasa ana yanka masa tikiti, wanda ya sayar da akuya yana biya, mota tana biya a tasha. Wanda ya kira baƙi ya karɓi kuɗinsu, bai kamata ya nuna musu bayan katanga ba. A 1993 gwamnatin Nijar ta kafa dokar tsabtar jama'a. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasa duka, tsabtar kasuwa da tasha ta shiga cikin aikin ma'aikatar magajin gari.

Rami cikin rairayi

Ƙasar Mayahi da Tasawa jigawa ce, rairayi ya fi yawa. Tona rami a nan ba wuya, amma riƙe shi da wuya. Ruwan sama na farko yana iya zabtar da bakinsa, ya rufta da abin da ke bisa. Don haka sai an ɗaure cikin ramin da tubalin siminti, kamar yadda ake ɗaure rijiya, sannan a aza faifan siminti mai ƙarfe a ciki. Rami mai da'ira ya fi mai kusurwa huɗu ƙarfi.

Sai a kula da ruwan ƙasa. A kan tudu ruwa yana da nisa. A cikin kwarin Gulbin Kaba kuwa ya fi kusa. Ƙa'ida ita ce gindin rami ya tsaya aƙalla mita 2 bisa ruwan ƙasa, kuma tsakaninsa da rijiya a bar mita 30, ya kasance ta gangare, ba ta sama da rijiyar ba. Wanda ya manta da wannan ya sake yin abin da John Snow ya gani a Landan.

Wari da ƙuda fa? Akwai dabarar da wani masani mai suna Peter Morgan ya fito da ita a shekarun 1970, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yau. Ana sa dogon bututu daga cikin rami ya wuce rufin ɗakin, a ɗaure bakinsa na sama da raga mai ƙananan idanu. In iska ta busa ta kan bututun, sai ta jawo warin ramin ta fitar da shi sama, sabuwar iska kuma ta shiga ta ƙofa ta gangara cikin ramin. Cikin ɗakin ana barin shi da ɗan duhu. Ƙudan da ke cikin rami yana neman haske, hasken da ya fi gani kuwa shi ne na bakin bututu. Sai ya hau, ya iske raga, ya yi ta bugun ta har ya mutu ya faɗo. Ba inji, ba lantarki, ba magani. Amma in raga ta yage ba a sake ta ba, bututun ya zama ƙofar ƙudaje.

Ramuka nawa za a yi? In kowane mutum ya yi minti 5, rami ɗaya yana isar mutum 12 a awa ɗaya, wato 96 cikin awa 8. Mutum 400 na lissafin nan na baya suna bukatar aƙalla 5. Amma ba a jere suke zuwa ba, gab da azahar suke taruwa, don haka sai an ƙara. A raba gefen maza da na mata, kowane da ƙofarsa, ƙofar mata kuma kada ta kalli inda maza ke zama. A yi ɗaki ɗaya mai faɗin ƙofa, ba matakala, saboda guragu da tsofaffi. A bakin fita a ajiye ruwa da sabulu, in babu sabulu a sa toka.

Mai tsaro da dala biyar

Abin da ke rayar da makewayin jama'a abu uku ne: ruwa, da mai tsaro, da kwasar rami in ya cika. Dukansu kuɗi suke ci kullum, ba sau ɗaya ba.

A ƙasar Indiya wani mutum mai suna Bindeshwar Pathak ya kafa ƙungiyar Sulabh a 1970. A 1974 ya buɗe makewayin jama'a da wurin wanka a birnin Patna, inda mai shiga zai biya ɗan kuɗi kaɗan. Mutane da yawa sun zaci ba mai biyan kuɗi don wannan. Sai ga shi ana biya, domin wurin yana da tsabta dare da rana. Daga baya aka gina dubbai irinsa a Indiya.

A garuruwan Nijar ma haka ake yi a wurare da yawa: dala 5 ko dala 10, wato tamma 25 ko 50, wanka kuma ya ɗan fi haka. In mutum 400 suka biya dala biyar-biyar, an samu jika 10. A ciki za a sayi ruwa wurin ƴan garuwa ko a biya kuɗin fanfo, a sayi sabulu da tsintsiya da butoci, a biya mai tsaro, a ajiye wani abu don ranar kwasar rami. Wannan ajiya ita aka fi mantawa da ita. Kuma masu kwasa, ko da mota ko da amalanke, sai an nuna musu inda za su zuba, nesa da gari da tabki. In sun juye a bayan kasuwa, an yi aikin banza.

Sai dai kuɗin yana da nasa lahani. Yarinyar da ta wuni tana tallar ƙosai, ribarta ba ta wuce dala 40 ba, ba za ta ba da dala 10 ba. Almajiri ba shi da ko tamma. Su kuwa ƙudaje ba su bambanta kashin mai kuɗi da na marar kuɗi. Saboda haka ya fi kyau a bar yara da naƙasassu su shiga kyauta, a cike giɓin daga kuɗin tikitin kasuwa. Aikin mai tsaro kuma ba abin raini ba ne. Yana hana ciwon da likita zai sha wuyar warkarwa.

Abin da aka yi a Tasawa

Tasawa ta ƙulla ƙawance da wani gari na ƙasar Faransa mai suna Conflans-Sainte-Honorine, kusa da Paris. Daga ƙarshen shekarun 2000 ma'aikatar magajin garin Tasawa ta yi wani shiri na tsabtar gari tare da wannan ƙawa tata, da hukumar kula da ƙazamin ruwa ta yankin Paris, da wata ƙungiya ta ƴan Nijar mai suna RAIL. An koya wa maginan gari yadda ake zuba faifan siminti. An taimaki magidanta suka yi salanga da ramin ruwan wanka a gidajensu. An gina makewayi a makarantu da wuraren taruwar jama'a, an kuma bi unguwa-unguwa ana yi wa mutane bayani. Kuɗin ƙawaye yana iya tada gini. Ruwan kullum da ladan mai tsaro kuwa, daga aljihun gari suke fitowa.

Tasawa tana da sauƙi ɗaya: tasharta ba ta hutu, kullum akwai matafiya, don haka mai tsaro yana samun na cefane kowace rana. Ƙananan kasuwannin ƙauye na ƙasar Mayahi da na Urafan ko Korgom ba haka suke ba. Kasuwa tana ci rana ɗaya, kwana shida rumfuna ba kowa sai awaki. In mutum 40 suka shiga, jika 1 ke nan a mako, ba ta isa ta riƙe mai tsaro ba. A irin wannan wuri sai sarkin kasuwa da mai gari da ƴan kasuwa su zauna, su ɗora aikin bisa mutum ɗaya sananne, misali mai sharar kasuwa, a ƙara masa lada daga kuɗin tikiti. Shi zai cika randa tun jajibiri, ya buɗe da hantsi, ya wanke da maraice, ya kulle, ya kai wa sarkin kasuwa makulli har mako mai zuwa.